Yadda Mutanen Bangal Ke Soya Ganye, Da Yadda Suke Koya Wa Juna A Waya

Jama'a, a wannan mako za mu ɗan ajiye zancen taki da farashin hatsi, mu tafi wata ƙasa mai nisa can gabas da Makka, mu leƙa cikin kaskonsu. Kada wani ya ce me ya haɗa filin manoma da murhu. Ai duk abin da manomi ya shuka murhu ne ƙarshensa, kuma mai lambun da bai san hanyoyin da ake cin kayansa ba, bai san iyakar kasuwarsa ba.

Ga abin da ya jawo zancen. Ran kasuwarmu da ta wuce, da la'asar sakaliya, na tsaya wurin wani mai lambu da muka saba. Na tarar rabin alayyafon da ya kawo tun asuba yana nan a kan buhu, ya yi laushi, yana ta yayyafa masa ruwa. Na ce, "Malam, yaya kasuwa?" Ya ce, "Ranka ya daɗe, ga ta nan kana gani. Wanda ya kwana, na awaki ne." Ba don ganyen ba shi da kyau ba, a'a. Dalili shi ne mu nan ɗauri ɗaya ya ishi gida guda miya, kowa ya sayi ɗaya ya wuce. In lambuna suka yi kyau gaba ɗaya, sai ganye ya fi masu saye yawa, a yi ta faɗuwa. To, akwai mutanen da gida guda kan cinye ɗauri uku ko huɗu a zama ɗaya, ba don talauci kaɗai ba, har attajiransu haka suke yi. Su ne mutanen Bangal.

Bangal ƙasa ɗaya ce a da. A 1947, da Ingilishi za su bar Indiya, aka raba ta biyu. Yammaci ya zauna cikin Indiya, babban birninsa Kalkata. Gabashi ya shiga Pakistan, sa'an nan a 1971, bayan yaƙi mai tsanani, ya zama ƙasa mai cin gashin kanta, watau Bangaladash, babban birninta Dakka. Harshensu ɗaya ne. Galibin na gabas Musulmi ne, galibin na yamma Hindu. Ƙasar kusan duk fadama ce, gama nan ne manyan kogunan Ganjis da Birahmaputra suke rarrabuwa su faɗa teku. Ruwan saman da ake yi a Dakka ya fi ninki biyu na wanda ake samu a Kano. Bangaladash ba ta kai kashi ɗaya cikin shida na faɗin Nijeriya ba, amma mutanenta sun kai wajen miliyan 170. Inda mutane suka yi yawa haka, ƙasa ta yi kaɗan, ba a barin bakin rafi ko bayan ɗaki ya zauna banza. Abincinsu shinkafa da kifi, na ukunsu ganye.

Duk ganyen da ake ci suna kiransa shak. Abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne, in an jera masa su a faifai, yawancinsu zai gane su ba sai an gaya masa ba. Lal shak alayyafo ne ja. Sojne pata zogale ne. Kumro shak ganyen kabewa, lau shak ganyen duma, kochu shak ganyen gwaza, methi shak kuwa ganyen hulba, wadda mu ƙwayarta kaɗai muka sani. Yakuwa da rama duk suna da su. Akwai biyu da suke ji da su ƙwarai waɗanda ba a cika gani a kasuwanninmu ba. Ɗaya pui, mai yaɗo, mai kauri da ɗan yauƙi, ana ɗora shi bisa rumfa. Ɗaya kolmi, ɗan'uwan dankali ne, yana yaɗo a bakin tafki, jijiyarsa da rami a ciki.

Lalo Da Buhun Garara

Amma wanda ya fi ɗaure mini kai shi ne pat shak. Pat shak ba wani abu ba ne illa lalo, wannan dai da matanmu ke kaɗa miya da shi. Mu mun san shi gajere, don muna tsinke shi tun yana ƙarami. Su kuwa gona guda suke shuka shi, a matse, tsakanin watan Maris da Mayu, su bar shi wata huɗu ya miƙe har ya fi tsawon mutum biyu. Sa'an nan su yanke, su ɗaure dami-dami, su jiƙa a ruwa har ɓawon ya saki, kamar dai yadda muke yi wa rama, su saɓe zaren su wanke su shanya. Da wannan zare ake saƙa buhun garara. Tun 1855 aka kafa masaƙar farko a Rishira, kusa da Kalkata. A 1951 aka kafa ta Adamji a Narayanganj, wadda a zamaninta ba ta da ta biyu a duniya wajen girma, har aka rufe ta a 2002. Har yau Indiya da Bangaladash ne kan gaba wajen noman wannan zare. Dattawan da suka ga dalar gyaɗa a Kano, su sani irin buhunan nan da aka jibga har sama, zaren lalo ne da danginsa. Kai, duniya da faɗi take! Muna miya da abu, wasu suna ɗinka mana buhu da shi suna sayar mana.

To, da yake a matse ake shuka shi, tilas a rage shi in ya yi 'yan makonni, a cire waɗanda suka yi cunkoso don sauran su sami sarari. Waɗannan da aka cire su ne ake ɗaurewa a kai kasuwa. Watau manomi ya ci kasuwa sau biyu a gona ɗaya, ganye da fari, zare daga baya. Iri biyu gare su, mai ɗaci da marar ɗaci, kuma kowanne da masu sonsa. A arewacin Bangaladash, wajen Rangpur, suna dafa shi da 'yar hodar soda ya yi yauƙi, suna kiran wannan miya sholka. In an sa wa Bakatsine a gaba, cewa zai yi miyar lalo ce da kanwa, ina tuwon?

Yadda Suke Soyawa

Yanzu bari mu zo kan girkin kansa, wanda suke kira shak baja, watau soyayyen ganye. Ba shi da wuya, amma kowane mataki da dalilinsa, in ka tsallake ɗaya sai ka ga miya a kaskonka.

Da fari a tsince ganyen, a wanke shi tun ba a yanka ba, ruwa biyu ko uku, har a daina ganin yashi a gindin kwano. A zuba a kwando ya tsane sarai. Sa'an nan a yanka ƙanana, har da jijiyoyin da ba su yi tauri ba. Matan can ba da wuƙar hannu suke yanka ba. Suna da wata lanƙwasasshiyar wuƙa kamar lauje, an kafa ta a jikin katako, sunanta boti. Mace ta zauna ta danne katakon da ƙafa, ta riƙe ganyen da hannu biyu tana turawa bisa kaifin. In ka ga saurin da suke yi sai ka riƙe baki.

A ɗora kasko mai zurfi, a zuba mai kamar cokali biyu ko uku. Su man mastad suke so, mai yaji da hawa hanci, kuma sai sun bar shi ya yi zafi har ya fara hayaƙi kaɗan, don kaifinsa ya ragu. A cikin wannan mai ake jefa abin da suke kira foron, watau kayan ƙanshin da ake fasawa a mai kafin a sa kome. Na ganye yawanci busasshen jan barkono ne guda ɗaya ko biyu, da dakakkiyar tafarnuwa, da ɗan tsunkule na habbatus sauda. I, habbatus saudar nan da muke saye wurin masu magani, su a kicin take zaune. Wani lokaci sukan sa haɗin ƙwayoyi biyar da suke kira panch foron, wanda a cikinsa akwai hulba da habbatus sauda. A Bangaladash sukan ƙara albasa da yawa. Da ƙwayoyin sun fara fashewa, tafarnuwa ta soma ja, nan take a juye ganyen. Kasko zai cika har ya yi tozo, kada ka damu. A barbaɗa gishiri, a rufe minti uku ko huɗu. Gishirin zai jawo ruwan jikin ganyen ya fito, da wannan ruwa zai dahu. Ba a ƙara ko ɗigo. Sa'an nan a buɗe, a ƙara wuta, a yi ta juyawa har ruwan ya ƙone, ganyen ya yi sheƙi da mai. Duk aikin bai cika wuce minti goma a kan wuta ba. Abin da ya cika kasko ɗazu, yanzu da ƙyar ya cika ƙaramin kwano, don haka a yi hattara da gishiri, a auna shi da abin da zai rage, kada a auna da tulin da aka zuba.

Wannan shi ne tushe, daga nan kowace uwargida da nata ƙari. Wata ta soya gyaɗa ta watsa a kai, wata kankararriyar kwakwa, wata ƙananan jatan lande. Akwai wani abu da suke kira bori, ƙullun wake ne ake ɗiga shi ƙanana a shanya a rana ya bushe, a soya a murmushe bisa ganyen. Pui kuwa sukan haɗa shi da kabewa da kan kifi a dafa tare. Jan alayyafo in an cuɗa shi da farar shinkafa sai ta rine ta yi ja, yara suna sonsa don wannan.

Cin abincinsu ma da tsari. Ba a haɗa kome da kome a kwano ɗaya. Shinkafa tana tsakiya, ana bi ɗaya bayan ɗaya. Mai ɗaci ne farko, sai ganye, sai miyar wake da suke kira dal, sai kifi ko nama, mai zaƙi a ƙarshe. Mai ɗacin nan, in sanyi ya wuce bishiyoyi sun yi toho, sau da yawa ganyen darbejiya ne, sabon toho mai ja-ja, a soya shi da yalo, a ci loma biyu ko uku da shinkafa don buɗe baki. Darbejiya dama daga wajensu ta zo mana a zamanin mulkin Turawa. Mun karɓi inuwarta, mun bar musu cin ganyen, ni kuwa ban ga laifinmu ba a nan. Hindun cikinsu suna da wata rana a watan Oktoba ko Nuwamba, jajibirin bikinsu na Kali, da kowane gida ke dafa ganye iri goma sha huɗu a haɗe, su kunna fitila goma sha huɗu. Ran nan 'yan kasuwa a ƙulle suke sayar da haɗin, an riga an tattara. Dubi yadda al'ada ta buɗe wa mai lambu kasuwa.

Ba jin daɗi kaɗai ya koya musu sanin ganye ba. A 1943 an yi yunwa a Bangal wadda ta kashe mutum miliyan 2 zuwa 3, kuma ambaliya ba ta daina cinye musu gonaki ba. Mutumin da ya saba ganin shinkafarsa a ƙarƙashin ruwa, dole ya san kowane tsiro na bakin tafki da ake ci, kamar yadda kakanninmu suka san tafasa da yaɗiya da gasaya a shekarun fari. A kudancin Bangaladash, wajen Gopalganj da Barisal da Pirojpur, inda ruwa kan kwanta wata da watanni, sai suka ƙirƙiro lambu mai iyo. Suna tattara wata ciyawar ruwa mai kama da kainuwa, su jibga ta hawa-hawa ta yi kamar doguwar tabarma mai kauri, su bar samanta ya ruɓe, su shuka alayyafo da kuɓewa da duma a kai. Ruwa ya hau, lambu ya hau. Cikin kwalekwale ake zuwa ɗiba. In ruwa ya janye, ruɓaɓɓiyar ciyawar ta zama taki. A 2015 Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa wannan dabara cikin kayan gadon noma na duniya.

Game da lafiya, likitoci sun tabbatar ganye mai duhun kore yana ɗauke da abin da jiki ke juyawa ya zama bitamin A, wanda rashinsa ke kawo dundumi ga yara da masu ciki. Wannan sinadari kuwa hanji ba ya tsotsarsa sosai sai da maiƙo. Ka ga amfanin ɗan man nan. Bitamin C kuma doguwar tafasa tana kashe shi, kanwa tana ƙara kashe shi, sauran ya bi ruwan da aka tsiyaye aka zubar. A suyar Bangal ba ruwan da ake zubarwa. Tun wajen 1990 ƙungiyar Helen Keller take koya wa matan karkarar Bangaladash yin ɗan lambu a gida saboda yaƙi da dundumi. Ban ce a bar miyar taushe ko kwaɗon zogale ba, Allah Ya kiyaye. Cewa na yi a ƙara hanya ɗaya bisa waɗanda muke da su.

Majigi Ya Shiga Aljihu

Mai karatu zai tambaya, kai da ba ka taɓa zuwa Bangal ba, ina ka ga hannun matansu a kan boti? A waya na gani. Manya sun tuna zamanin majigi, lokacin da motar gwamnati kan zo gari da magariba, a kafa farin ƙyalle a ƙofar fada, a nuna yadda ake sa taki ko feshin auduga. Yau majigin nan ya shiga aljihun kowa, kuma kowa na iya zama mai ɗauka.

An buɗe YouTube a 2005, amma bai isa ƙauyukan Indiya sosai ba sai bayan Satumba 2016, da kamfanin Jio ya karya farashin data. Daga nan sai girkin ƙauye ya cika intanet. A gundumar Birbum ta Bangal ta Yamma, wani saurayi ya riƙa ɗaukar kakarsa, tsohuwa tukuf, tana girki a murhun ƙasa, da ganyen da ta tsinko a bayan gida da kifin tafkinsu. Sunan tashar Villfood, masu binta sun wuce miliyan 1, kuɗi yana shigo musu ta nan. A ƙauyen Shimuliya na gundumar Kushtiya a Bangaladash, tashar AroundMeBD tana nuna mata suna girka abinci a manyan tukwane, a ciyar da ƙauyen duka da kuɗin da bidiyon ya kawo. A Kalkata kuma akwai Bong Eats, masu auna kome da ma'auni su rubuta minti nawa, don ɗan birnin da bai zauna kusa da kakarsa ba.

Waɗannan dogaye ne, minti goma ko fiye. Gajerun kuwa daga baya suka yi ƙarfi. A watan Yuni 2020 gwamnatin Indiya ta hana TikTok. Kafin shekarar ta ƙare Instagram ya fito da Reels, YouTube kuma ya fara gwada Shorts a watan Satumba, kuma a Indiya ya fara. Kafin Oktoba 2024 iyakarsa daƙiƙa 60 ce, sai a watan aka ƙara zuwa minti uku. Soyayyen ganye kuwa kamar don wannan aka yi shi, gama ba shi da matakai da yawa, ga launi, ga ƙarar mai. Ba a girki kaɗai dabarar ta tsaya ba. Ƙungiyar Digital Green, wadda ta faro a Indiya a 2006, manoma take ɗauka suna nuna aikin gona da harshensu, a haska wa maƙwabtansu da ɗan ƙaramin majigi mai batir. A 2015 an gwada irin wannan a jihar Maraɗi, mutanen ƙauye suna nuna ciyar da yara da wanke hannu. Hikimar ita ce, mutum ya fi yarda da abin da ya ga ɗan'uwansa yana yi da kayan da shi ma yake da su.

Mu Ma Mun Gwada

Da na ga haka, na ce gani ya kori ji. Na koma wurin mai lambun nan na sayi ɗauri huɗu, har ya dube ni ya ce, "Suna ake yi a gidan?" Man mastad ba mu da shi, muka sa man gyaɗa. Ɗana na fari, ɗan sakandare, shi ne mai riƙe waya. Uwargida ta kafa sharaɗi tun da fari. Ta ce, "Malam, hannuna kaɗai za a ɗauka. In fuskata ta fito, ni da kaskon nan mun rabu." Na ce ai da yawa daga na Bangal ɗin ma hannu kaɗai ake gani.

Gwajin fari bai yi ba ko kaɗan. Da dare muka yi, hasken fitila bai isa ba. Yaron ya kai wayar bisa kasko daidai lokacin da aka buɗe murfi, tururi ya rufe gilashin, ba a ganin kome sai hazo kamar an shiga hunturu. Uwargida kuma, da ta ga ganye a wuta ba ruwa, hannunta bai iya haƙuri ba, ta kwarara rabin moɗa. Muka sha miya marar daddawa. A na biyu aka tsaya jiran mai ɗauka ya gyara tsayuwa, tafarnuwa ta ƙone, abin ya yi ɗaci. Bidiyon kuma ya kai minti tara, rabinsa hayaƙi ne da kukan akuya, ga shi ya yi nauyin da ba wanda zai yarda ya ƙona datarsa a kai.

Sai a na uku muka yi hankali. Da hantsi muka yi, a tsakar gida, a inuwa mai haske. Aka jingina wayar a tsaye bisa kifaffen turmi, aka tokare ta da dutse, daga gefen da iska ba ta kai mata tururi. Aka jera kome a faifai tun ba a hura wuta ba. Yaron ya ce, "Baba, kada mu ɗauka a jere. Kowane aiki daƙiƙa biyar ya isa, sai in haɗa." Haka aka yi: wanki, tsanewa, yanka, mai, tafarnuwa, juye ganye, rufi, buɗewa, kwashewa. Ya harhaɗa ya fito daƙiƙa 50. Ya so ya sa kiɗa, na hana, don ƙarar tafarnuwa a mai ita ce ke gaya wa mai kallo zafin da ake nufi. Ya so ya rubuta bayani a jiki, uwargida ta ce yawancin matan da za ta tura wa ba su karanta boko, gara a faɗa da baki. Ita ta yi gaskiya. Aka ɗora muryarta daga baya.

Ɗanɗano fa? Da shinkafa ya yi daɗi ƙwarai, da shinkafa da wake ya fi, da dambu ma ba laifi. Da tuwo kam bai tafi ba, don ba romon da loma za ta bi. Yara sun cinye. Tsohuwarmu ta ɗanɗana ta ce, "Wannan ai kwaɗo ne aka hana shi ƙuli." Washegari uwargida ta daka ƙuli ta barbaɗa a kai, a madadin bori ɗin nan nasu, sai ga tsohuwa tana neman ƙari. Mun gwada zogale, ya fi alayyafo tauri, yana son albasa da yawa da ɗan ƙarin lokaci a rufe. Lalo kuma in ana so kada ya yi yauƙi, sai ya tsane ƙwarai, a rage juyi.

Amma akwai abin da na gano game da gajeren bidiyo wanda ya kamata a faɗa. Yana nuna hannu, ba ya nuna lokaci. Wata 'yar'uwar uwargida da aka tura wa ta WhatsApp ta aiko cewa nata ɗanye ya fito, ashe ta zaci yadda aka rufe aka buɗe nan take a waya, haka ake yi a murhu. Dole mai magana ya ce "minti huɗu" da bakinsa. Wanki ma, da yake ba shi da daɗin kallo, shi ake fara yankewa, alhali shi ne mafi muhimmanci, balle ga ganyen da aka yi wa ban ruwa da ruwan kwata a gefen birni. Mafi hatsari shi ne ganyen gwaza. Za ka gan shi a bidiyon Bangal an kwashe shi lilis, sai ka ce suya ɗaya ce da alayyafo. Ba haka ba ne. A jikinsa akwai wasu ƙananan tsinaye da ido ba ya gani, masu sa maƙogwaro ƙaiƙayi da kumburi. Su sai sun dafa shi ya yi lugub tukuna, su sa tsamiya ko lemun tsami, sa'an nan su soya. Wanda ya kwaikwayi daƙiƙa talatin ɗin da ya gani, ya kwana yana susar wuya.

Ku kuma masu lambu, in mutane za su ci ganye da yawa haka, nauyi ya ƙaru a kanku. Alayyafo mako uku zuwa huɗu yake yi a fangali a fara cira, saboda haka wanda ya yi feshi yau ya ɗiba gobe, guba ya kai wa mutane. A duba kwanakin jira da aka rubuta a jikin kwalbar magani, a cika su. A kuma rarraba shuka, fangali kaɗan kowane mako, maimakon a watsa duka rana ɗaya a zo a rasa mai saye. A yi ɗiba da sanyin asuba, a rufe da jiƙaƙƙen buhun garara, kada a cusa a leda.

Na tura wa mai lambun nan bidiyon, ɗansa ya sa masa a waya. Ran kasuwa yana nuna wa masu saye, ya ce wasu dariya suke yi, wasu kuwa sun ce a tura musu. Mata biyu sun ƙara ɗauri a kan abin da suka saba. Ya tambaye ni ko akwai inda zai sami irin jan alayyafon nan, yana so ya ware masa fangali biyu bana in ruwa ya ɗauke, ya kuma bar wa kabewarsa 'yan rassan da zai riƙa tsinkar toho, mu ga ko za a saya.